Yadda ake riƙon karnukan jan amalanke a guguwar ƙarshen hunturu a ƙauyukan Alaska

A can tsakiyar jihar Alaska ta Amurka akwai ƙauyuka irin su Fot Yukon da Galena a bakin kogin Yukon, da Husliya a bakin kogin Koyukuk, waɗanda babu titin mota da ya haɗa su da birni. Da rani kwalekwale da jirgin sama ne abin hawa, amma da zarar kogi ya daskare sai shi kansa ya zama hanya har tsawon wata shida ko fiye. Tun shekarun 1960 babur ɗin ƙanƙara ya karɓe yawancin aikin da karnuka ke yi, sai dai har yau akwai gidajen da ke riƙe da karnuka shida zuwa goma don jan itacen wuta, da zagaya tarko, da duba tarun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙanƙara. Dalilinsu a fili yake: fetur yana da tsada a wurin da sai an kawo shi ta ruwa ko ta sama, kuma kare ba ya ƙin tashi don sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili.

Wannan jagora ta taƙaita ne ga lokacin da ya fi yaudarar mutane, wato daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu. A watan Maris hasken rana yana ƙaruwa da kusan minti bakwai kowace rana a yankin Fairbanks, hanya ta danne ta yi kyau, jiki yana son tafiya mai nisa bayan watannin duhu. Amma a daidai wannan lokaci ne iska ke tashi ba sallama, ruwa ke ɓuya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, rumbun abincin karnuka kuma ya kusa ƙarewa. Abin da za a kira amalanke a nan ba shi da taya. Sanduna biyu ne dogaye masu santsi a ƙasansa, mai tuƙi yana tsayawa a kan ƙarshensu daga baya, kaya kuma suna cikin wata babbar jaka a gabansa.

Mataki na farko: abinci da ruwa

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abincin da kare zai ci a Maris tun kafin kogi ya daskare ake tanadinsa. A al'adar mutanen Yukon, kifin samon da ake kira cam shi ne abincin kare: ana kama shi da wani keken tarko da ruwan kogi ke juyawa, a tsaga shi, a shanya a kan ragaya, kuma lissafin da aka saba yi shi ne kifi guda ga kowane kare a rana. Wannan tsari ya girgiza a 2020 da 2021, lokacin da kifin ya yi ƙaranci ƙwarai har hukuma ta hana kamunsa, masu karnuka da dama suka dogara ga buhunan abincin kanti da aka tara musu gudunmawa. Saboda haka tun tsakiyar Fabrairu mai karnuka ya shiga rumbu ya ƙirga abin da ya rage, ya raba shi da yawan karnukansa, ya ware na kwana bakwai gefe wanda ba za a taɓa ba sai ranar da guguwa ta hana jirgi sauka.

Karen Alaska na aiki nauyinsa bai cika wuce kilo 20 zuwa 30 ba, amma wanda ke tseren dogon zango yana iya ƙona kalori kusan 10,000 a rana, ninkin abin da namiji mai aikin ƙarfi ke buƙata sau uku ko fiye. Karen ƙauye ba ya kaiwa nan, sai dai ƙa'idar ɗaya ce: idan sanyi da iska suka ƙaru, kitse ake ƙarawa, domin jikin kare da mai yake aiki fiye da hatsi. Ana dafa kifi da shinkafa a babbar tukunya, a zuba kitse, a bar shi ya huce ya zama ɗumi kafin a raba.

Ruwa ne abin da sabon shiga ke mantawa. Yana ganin duniya duk ƙanƙara ce, sai ya ɗauka kare ba zai ji ƙishi ba, alhali busasshiyar iskar sanyi tana zuƙe ruwan jiki da kowane numfashi, kuma lasar dusar ƙanƙara ba ta maye gurbinsa, sai ma ta ci zafin jiki. Yawancin karnuka ba sa shan ruwa zalla cikin sanyi, don haka ake yi musu romo, a jefa ɗan kifi ko nama cikin ruwan ɗumi, a ba su awa ɗaya zuwa biyu kafin a ɗaura su. Ana gane wanda ruwa ya yi wa ƙaranci idan aka ja fatar bayan wuyansa aka sake ta ba ta koma da sauri ba, ko aka taɓa dasashinsa aka ji ya bushe yana danƙo.

Mataki na biyu: gyaran garke kafin iska ta iso

Kowane kare yana da ɗan akurkinsa na katako da sarƙa da turke. Idan rediyo ya sanar da guguwa, sai a kwashe tsohuwar ciyawar da ta jiƙe ta daskare a zuba busasshiya mai yawa, a juya ƙofar akurki ta ba iska baya, a haƙe turke da sarƙa don kada dusar ƙanƙara ta binne su ta gajarta wa kare igiya har ya kasa shiga ɗakinsa. Tsofaffin karnuka, da masu gajeren gashi, da karya mai shayarwa, a shigo da su rumfa ko cikin gida. Haka kuma a ja igiya daga ƙofar gida zuwa garke, domin an sha samun mutum ya ɓace a tsakanin ɗakinsa da rumbunsa.

Mataki na uku: ɗauri da zaɓen ja-gaba

Akwai uwar igiya da ta tashi daga gaban amalanke, karnuka suna jere biyu-biyu a gefenta. Kowanne yana sanye da ɗamarar ja wadda ta rungumi ƙirji da kafaɗu, an haɗa ƙarshenta da uwar igiya ta baya, sannan wata gajeriyar igiya ta riƙe wuyansa don kada ya fanɗare. Na gaba su ne ja-gaba, na bayansu suna taimaka musu karya kwana, na tsakiya su ne ƙarfin tafiya, na daf da amalanke kuma a zaɓi ƙarfafa masu sanyin hali, domin su ne ke shan fizgar kaya. Wannan jeri ya dace da ƙasar daji mai siririyar hanya. Mafarautan arewacin Girinlan, da ke tafiya a fili kan daskararren teku, kowane kare igiyarsa daban suke ba shi, su bazu kamar mafici.

Babu linzami a wannan tuƙi, murya ce kawai. Ana cewa "ji" don a yi dama, "ho" don a yi hagu, "wo" don a tsaya, kuma Bahaushe zai yi murmushi da kalmar farko, tunda ji ɗin ake nema daga kare. A ranar da ake tsoron iska, a ajiye ja-gaba mai gudu a sa mai taurin kai wanda ya san hanya, irin wanda zai sunkuyar da kai ya shiga iska, yana laluben dannanniyar hanya da tafin ƙafarsa da hancinsa a lokacin da idon mutum bai ga komai. Abin da ya faru ke nan a 1925, sa'ad da cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom, matuƙa 20 da karnuka kusan 150 suka yi ta miƙa wa juna magani daga Nenana, tafiyar kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Gunnar Kaasen, wanda ya shiga Nom da maganin ranar 2 ga Fabrairu, ya yi wani sashe na zangonsa ba ya ko ganin karnukan da ke gabansa, ja-gabansa Balto ne ya riƙe hanya. Zango mafi tsawo da hatsari kuwa Leonhard Seppala ne ya yi shi da karensa Togo, wanda ya ratsa daskararren tekun Norton.

Kafin a tashi, a duba ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Dusar ƙanƙarar da iska ta niƙa tana da kaifi kamar yashi, tana tsaga fatar da ke tsakanin yatsu, mai laushi kuma tana dunƙulewa a wurin ta zama tsakuwa. Maganin wannan shi ne 'yar safa ta ƙyalle mai ƙarfi da ake ɗaura wa kowace ƙafa, ba a matse ba har jini ya tsaya. Dokar Iditarod, tseren karnukan amalanke na dogon zango zuwa Nom da ake yi duk shekara tun 1973, ta wajabta safa takwas ga kowane kare, kuma wannan adadi ne mai kyau ga matafiyin ƙauye ma.

Mataki na huɗu: kayan da ba a bari a gida

Ko da tafiyar ta awa biyu ce zuwa wurin itace, a ɗauki kaya kamar za a kwana: gatari, da buhun barci na tsananin sanyi, da faffaɗan takalmin taka dusar ƙanƙara, da shebur, da tukunya da murhun da ke aiki da sinadarin barasa don narkar da ƙanƙara, da abincin karnuka na kwana biyu fiye da lissafi, da rigunan karnuka, da wuƙa a jiki don yanke igiya idan ta sarƙe. Ashana da ɓawon farin itacen bac, wanda ke kama wuta ko da danshi, a sa su cikin leda a aljihun ciki. Safar ƙafa da ta hannu na canji su ma a naɗe su a leda. Fitilar goshi da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a ajiye su kusa da fata, domin sanyi yana kashe batir. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa kuma baya, a ɗaure komai tamau, saboda amalanke zai kife ko ba jima ko ba daɗe. Tabarau mai duhu wajibi ne a Maris, tunda hasken da ke dawowa daga farar ƙasa yana ƙona ido, mutum ya kwana biyu yana hawaye kamar an zuba masa barkono.

Mataki na biyar: shawarar fita ko zama

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma ba ya buƙatar kayan aiki. A saurari hasashen hukumar yanayi, a tambayi wanda ya shigo gari ta wannan hanya jiya, a kalli kan duwatsu: idan ana ganin farin ƙura yana tashi daga kansu alhali sama garau take, iska ta riga ta fara a can. Guguwar da ta fi kisa ba lallai sabuwar dusar ƙanƙara ta zubo ba. Iska ce ke kwasar wadda ke ƙasa ta cika sarari da ita, ta fi hazon hunturun da muka sani kauri nesa ba kusa ba, har mutum ya kasa bambance sama da ƙasa. A sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, iska mai gudun kilomita 50 a awa tana daskarar da fatar da ke buɗe cikin ƙasa da minti goma.

Masu son labarin jarumta sukan kawo Libby Riddles, wadda a 1985 ta fita daga ƙauyen Shaktulik cikin guguwa sa'ad da sauran matuƙa suka zauna, ta kwana a cikin jakar amalankenta a kan hanya, ta zama mace ta farko da ta ci Iditarod. A ganina, labarin da ya fi amfani ga mai jan itace shi ne na Jeff King, wanda ya ci tseren sau huɗu, amma a 2014, yana kan gaba, iska ta watsar da shi da karnukansa daga hanya kafin zangon Safety, wanda ke kusan kilomita 35 daga Nom, dole ya janye. Idan haka ta sami gwani irin wannan, wanda babu kyautar da ke jiransa ya tuna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa an yanke shawarar fita, a gaya wa mutanen gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, kuma kada a sauya hanyar.

Mataki na shida: abubuwa uku da ke jira a hanya

Na farko ruwan ɓoye ne. A ƙarshen hunturu nauyin dusar ƙanƙara yana danne ƙanƙarar kogi, ruwa ya ɓullo ta tsaga ya kwanta a samanta, dusar da ke sama kuma ta rufe shi ta hana shi daskarewa ko da ana tsananin sanyi. Alamunsa su ne wuri mai launin toka ko rawaya, da tururi da ke tashi, da sawun dabba da ya cika da ruwa, sannan ja-gaba mai hankali yakan yi turus. A saurare shi, a zagaya, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Idan an riga an shiga, kada a tsaya a tsakiya. A ƙarfafa karnuka su fita, sannan a cire musu safar da ta jiƙe kafin ta daskare ta yanke ƙafa, a bar su su yi birgima a busasshiyar dusar ƙanƙara wadda ke tsotse ruwa daga gashi, a kankare sandunan amalanke da gatari. Mutum kuma ya canza safarsa nan take, ba sai ya isa gida ba. A tafki, ƙanƙara mai haske da ta kai kaurin santimita 10 tana ɗaukar mutum a ƙafa, amma a kogi wannan lissafi ba abin dogaro ba ne, domin ruwa mai gudu yana cin ta daga ƙasa, musamman a bakin rafuffuka da wurin da kogi ya karya kwana.

Na biyu dabbar da ake kira mus, dangin barewa ce amma ta fi doki tsayi. A wannan lokaci yunwa ta gallabe ta, zurfin dusar ƙanƙara ya gajiyar da ita, sai ta hau dannanniyar hanya ta ƙi sauka, kuma tana ɗaukar karnuka a matsayin kyarkeci. A tseren Iditarod na 1985 wata ta afka wa karnukan matuƙiya Susan Butcher ta kashe biyu ta raunata da dama. Idan an hango ta, a tsaya da nisa a ba ta lokaci.

Na uku zafi ne, ko da yake abin zai ba mai karatu mamaki. Karen da ya yi gashin hunturu yana wahala idan awo ya matso sifili kuma rana ta take, don haka a Maris ake tafiya da asuba ko da yamma, a huta da tsakar rana.

Mataki na bakwai: idan guguwa ta riske ka

Doka ta farko da ake koya wa yaro ita ce kada ya saki amalanke ko da ya faɗi yana jan ciki, domin karnuka ba za su tsaya jiransa ba, kuma duk abin da zai raya shi yana cikin jakar. Muddin ana ganin alamar hanya ta gaba, wato sandunan da aka kafa masu ƙyalli ko itace uku da aka jingina, kuma ja-gaba yana jan igiya da niyya, ana iya ci gaba daga alama zuwa alama. Da zarar alama ta ɓace, ko karnuka suka fara juya wa iska baya suna neman kwanciya, tafiya ta ƙare. Kada mutum ya bar su ya tafi neman hanya a ƙafa. Taku goma ya isa ya raba shi da su har abada.

Sai a taka birki, a kafa ƙugiyar ƙarfe a ƙasa a danna ta da ƙafa, a bi uwar igiya da hannu har gaba a kafa wata ƙugiyar don layin ya miƙe kada karnuka su cukuikuye su yi faɗa. Idan akwai gindin itatuwa ko gangaren gaɓa kusa, a fake a nan. Idan fili ne, a juya amalanke ya ba iska gefe ya zama katanga. A kwance wa kowane kare igiyar baya a bar ta wuya, a cire safa don jini ya zagaya, a sa riga ga marasa gashi, a kula da cikin cinya da al'aurar maza da nonon mata, domin nan sanyi ya fi ci. A haƙa wa kowanne ɗan rami, a ba su kitse ko daskararren kifi. Daga nan za su dunƙule su rufe hanci da wutsiya, dusar ƙanƙara ta lulluɓe su, kuma wannan lulluɓi bargo ne a gare su, ba abin tsoro ba. Abin lura kawai shi ne a riƙa fitowa lokaci-lokaci ana tabbatar da cewa igiyar wuya ba ta binne ta danne kan kare ba, kuma ɓawon ƙanƙara bai toshe masa numfashi ba.

Bayan an gama da karnuka ne mutum zai fitar da kaya daga jakar amalanke, ya kakkaɓe jikinsa sosai, ya shiga buhun barci a cikinta ya ja zif, ya bar 'yar kafar iska. Ya ci abinci ko ba ya jin yunwa, ya riƙa motsa yatsu. Kada ya kunna murhu a rufaffen wuri, domin hayaƙin da ba ya wari yana kashewa cikin barci, kuma wannan gargaɗi ya shafi bukkokin mafaka da ke kan wasu hanyoyi, inda ya kamata a duba bututun hayaƙi ko ya toshe kafin a hura wuta. Idan kunci ko hanci ya yi fari ya mutu, a ɗora tafin hannu mai ɗumi a kai, ba a murzawa, ba a kuma goga masa ƙanƙara kamar yadda aka ɗauka a zamanin da. Ƙafar da ta daskare sosai ba a narkar da ita sai an isa inda ba za ta sake daskarewa ba, a can a sa ta cikin ruwa mai ɗumin jiki. Irin wannan jira yana iya kai kwana ɗaya ko biyu.

Mataki na takwas: bayan iska ta kwanta

Kada a yi garaje. A fara narka ƙanƙara a ba karnuka romo mai ɗumi, a jira ya zauna musu, sannan a tashe su a ga yadda kowanne ke taka ƙasa. Wanda ke ɗingishi, ko ya ƙi abinci, ko fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, alamar tsokarsa ta lalace, a ɗauke shi a sa a jakar amalanke, kada ya ƙara jan komai. Hanya ta riga ta shafe, don haka sau da yawa mutum ne zai sa faffaɗan takalmi ya shiga gaba yana danne ta, karnuka na biye, tafiyar da aka yi cikin awa ɗaya jiya ta ci rabin yini. A aika saƙo gida da wuri, domin a ƙauyukan nan idan mutum ya wuce lokacinsa maza sukan tashi da babura su fita nemansa, su ma su sa kansu cikin hatsari.

A gida kuma aiki na jira: a haƙe akurkai da sarƙoƙi, a sake ciyawa, a shanya ɗamaru da safa kusa da murhu, a shafa man ƙafa a tsakanin yatsun da suka tsage, a murza wuyan ƙafar karen da ya kumbura a naɗe shi. Karnukan da suka kwana a fili a ba su hutun kwana biyu da ƙarin kitse kafin a sake ɗaura su, sannan a koma rumbu a sake ƙirga kifin da ya rage zuwa lokacin da kogi zai fashe a watan Mayu.